Kebul ko dish: amsoshin tambayoyinku kan hoton HD

Na sayi talabijin mai inci 50 saboda kallon ƙwallo. Ana jan kebul a layinmu, kuma ina da inda zan kafa dish. Wanne ya fi fitar da hoto garau?

Malam, a wajen kyan hoto babu wanda ya gaji fin wani. Duka biyun hoton dijital suke kawowa, kuma HD ɗin nan lissafi ne: ɗigo 1280 a kwance da 720 a tsaye, ko 1920 da 1080, maimakon 720 da 576 na tsohon tsari. Inda ake samun bambanci shi ne yawan matsewar da kamfani ke yi wa kowace tasha don ya cusa tashoshi da yawa a hanya ɗaya. Tasha tana iya ɗauke da tambarin HD amma an matse ta har ta galabaita.

Tunda ƙwallo ce damuwarka, ita ce ma'auninka. Ka je gidan wanda yake da kowanne, ka jira lokacin da kyamara za ta bi doguwar ƙwallo da sauri, ka zuba wa ciyawar fili ido. In ta dame ta zama kore ɗaya kamar an shafa fenti, ko ƙananan murabba'ai suka bayyana a gefen 'yan wasa, an matse tashar da yawa. Sannan ka tambayi tashoshi nawa ne na HD a cikin tsarin da za ka biya, don sau da yawa suna cikin tsari mai tsada ne.

Sauran zaɓin gidanka ne zai yanke. Tauraron ɗan'adam da ke aiko wa dish hoto yana tsaye ne a nisan kilomita 35,786 saman layin da ya raba duniya kudu da arewa, kuma dish yana buƙatar ganinsa kai tsaye; reshen bishiya ko katangar bene ya isa ya tare. In haya kake, ka nemi izinin mai gida kafin a huda bango. Kebul bai damu da sararin sama ba, sai dai iyakarsa inda aka ja shi, kuma in waya ta tsinke a hanya kowa a layin zai zauna jiran kamfani.

Da hadari ya haɗu sai hotona ya riƙa tsayawa, daga nan ya ɗauke. In koma kebul ne?

Kafin ka koma, a duba dish ɗin. Yawancin ƙananan dish suna karɓar zangon sigina da ake kira Ku ne, tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, kuma ɗigon ruwan sama yana shanye irin wannan sigina. Hoton dijital kuwa ba ya yin yayyafi irin na da: ko ya fito cikakke, ko ya kakkarye ya ɓace. Saboda haka abin nema shi ne rarar sigina, wadda ruwa zai ci ya bar saura.

Ka buɗe shafin sigina a dikoda da rana tsaka, za ka ga sanda biyu, na ƙarfi da na inganci. Na ƙarfi yana iya cika ko da dish bangon maƙwabci yake kallo, to kada ya ruɗe ka. Na ingancin ake bi. A sassauta noti, a riƙa motsa dish kaɗan-kaɗan ana dakatawa daƙiƙa biyu zuwa uku, sannan a murza LNB, wato kan da ke gaban dish, hagu ko dama cikin mariƙinsa har sandan ya kai ƙarshen hawansa. Wannan murzawar ce masu sauri suke tsallakewa. In duk da haka ruwa yana cin ka, ka sauya dish mai santimita 60 da mai 90: faɗin fuskarsa ya ninka na farkon fiye da sau biyu. Zangon C ya fi jure ruwa, amma dish ɗinsa yakan kai mita 1.8 ko fiye.

In an ɗauke ruwa hoto bai dawo ba sai bayan awanni, wannan ba laifin hadari ba ne, ruwa ne ya shiga mahaɗar waya. Kwance ta ka duba: in tagullar tsakiya ta yi baƙi ko kore, yanke wajen, sa sabon kai, naɗe da tef ɗin roba mai manne kansa. A kuma lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga bango, don ruwa ya ɗiga a waje.

Ɗaukewar 'yan mintuna da rana a wajajen Maris da Satumba kuwa, rana ce ta daidaita a bayan tauraron. Kada ka taɓa komai, za ta wuce.

Dikodata ta HD ce, talabijin ma haka, amma hoton dishi-dishi yake.

Hajiya, leƙa bayan talabijin ɗin. In wayar nan ce mai kai uku, rawaya da fari da ja, an gano ɓarawon, domin ba ta iya ɗaukar HD ko kaɗan. Ki sa wayar HDMI. A tsawon mita biyu zuwa uku, mai araha da mai tsada hoto ɗaya suke bayarwa. Daga nan ki shiga saitin dikoda ki mayar da fitar hoto 1080, don wasu kan zo a kan 576. In har yanzu wasu tashoshin ne kawai ba su yi kyau ba, to a tsohon tsari ake watsa su, kuma babbar talabijin tona musu asiri take yi.

Mai sayen sabuwar dikodar dish ya tabbatar an rubuta DVB-S2 da H.264 a jikinta, wato sunayen tsarin watsawa da na matse hoto, in da H.265 ya fi. Tsohuwa mai MPEG-2 kaɗai ko dai ba za ta ga tashar ba, ko ta ba da murya babu hoto.

Talabijin uku gare mu a gida. Wanne ya fi sauƙin rabawa?

A nan kebul ya yi gaba. Ana raba shi da ƙaramin marabi, sai dai kowane rabi biyu yana cin kusan desibel 3.5 na ƙarfin sigina, mai baki huɗu kuma kusan 7. Ka sayi mai baki daidai da bukatarka, kada ka jera marabi a bayan marabi. Ka kuma tambaya ko kowace talabijin sai da tata dikodar.

Dish ba ya rabuwa haka. Dikoda ce ke aika wa LNB wuta ta cikin wayar, bolt 13 ko 18, da wani amo na kilohaz 22, don ta zaɓi rukunin tashoshin da take so. In dikoda biyu suka haɗa waya ɗaya, wannan ta nemi 13 waccan ta nemi 18, ɗaya za ta rasa tashoshinta. Maganin shi ne LNB mai baki biyu ko huɗu, kowace dikoda da wayarta tun daga dish.

Ko wanne ka zaɓa, wayar ta zama RG6, kada a sa maka siririyar RG59. Ka tafi da ɗan maganaɗisu: in ya kama tsakiyar wayar, ƙarfe ne aka yi wa rufin tagulla, kuma a doguwar tafiya yana rage wutar da ke isa LNB. Wajen ɗaura kai, a bar tsinin tsakiya ya leƙo kamar milimita biyu, a tabbatar ko sili ɗaya na ragar waje bai taɓa shi ba, don sili ɗayan nan ya isa ya ɗauke tashoshi duka. A cire dikoda daga wuta kafin a ɗaura ko a kwance.