Amsa ga mai tambayar yadda ake haɗa kallon fim na 'yan LGBT baƙaƙen fata a unguwa

'Yar uwa sannu da ƙoƙari. Naga tambayarki cewa kina Birmingham kuma kina so ki fara haɗa zaman kallon finafinan da 'yan LGBT (masu son jinsi ɗaya da makamantansu) baƙaƙen fata da 'yan Asiya suka yi da kansu, har da masu sauya jinsi, kina tambayar ta ina ake farawa kuma nawa zai ci. Toh ni dai na daɗe ina taya wasu abokai irin wannan a Landan, bari in faɗa miki abinda na gani.

Fim ɗin ba shi ne wahalar ba wlh, ƙofa ce wahalar, wato wa zai shigo kuma me zai fita da shi a wayarsa. Turawan da suke irin wannan taron basu damu ba a ɗauke su hoto a watsa a Instagram, amma mu akwai wanda idan fuskarsa ta fito sau ɗaya to kafin gari ya waye hoton ya isa wayar gwaggonsa a Kano ko Kumasi, kuma kin san dokar Najeriya ta 2014 ba akan aure kaɗai ta tsaya ba, ta sa shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, ta kuma sa shekara 10 ga wanda ya shiga ko ya goyi bayan irin waɗannan ƙungiyoyin. Mutum yana nan Ingila lafiya lau amma yana zuwa gida hutu, yana da ƙanne da iyaye can. Shi yasa mu babu hoto kwata kwata, ana faɗa a bakin ƙofa ana kuma sake faɗa kafin a kashe fitila, ko allon ma mun hana ɗauka don kan mutane na fitowa a ciki. Adireshin wurin bama sa shi a fosta, sai wanda yayi rajista ake turawa ana gobe taron, kuma rajistar suna ɗaya ne, ko na ƙarya ka bada ba ruwanmu. Kar ki buɗe musu guruf ɗin WhatsApp dan Allah, kowa zai ga lambar kowa, ki riƙa tura saƙo ɗai ɗai. Sannan ki samu mutum biyu masu sanyin hali su tsaya a ƙofa, ba masu ƙirar ƙarfi ba, masu iya magana da baƙo.

Sai maganar izini, nan ne mutane ke yin ganganci. Don kin sayi DVD ko kina biyan Netflix ba shi ne ya baki damar haskawa jama'a ba ko da kyauta ne. Manyan finafinai ana karɓar lasisinsu a irin su kamfanin Filmbankmedia ko BFI, cibiyar finafinai ta Birtaniya, galibi akwai ƙaramin kuɗin da aka yanka ko kaso 35 cikin 100 na kuɗin tikiti, duk wanda yafi yawa shi zaki biya. Akwai ƙungiyar Cinema For All a Sheffield, aikinsu kenan taimakon masu silimar unguwa, ki tuntuɓe su tun farko zasu rage miki yawo. Wurin kansa kuma tun 2015 a Ingila idan zauren unguwa ne, ba don riba ba, mutane basu wuce 500 ba, tsakanin 8 na safe da 11 na dare, baki buƙatar lasisin nishaɗi daban, amma dole ki bi ƙa'idar shekaru, fim ɗin da BBFC, hukumar tantance finafinai ta Birtaniya, bata tantance ba sai ki kai wa ƙaramar hukumarku su duba, kuma suna ɗaukar lokaci don haka ki kai da wuri.

Gajerun finafinai kuwa kai tsaye zaki rubutawa mai fim ɗin. Ki biya shi. Ko kaɗan ne ki biya, ki faɗi adadin tun a saƙon farko kar ki jira ya tambaya, don abin haushi ne ace taro na ɗaga su ne amma su kaɗai ne basu ga ko kwabo ba alhali mai zaure ya karɓa, mai abinci ya karɓa.

Wajen zaɓe ki duba wa ya yi fim ɗin, ba akan wa aka yi shi kawai ba, tunda abinda kika ce kina so kenan. Kuma kar ki jera finafinai masu sa kuka zalla. Yawancin masu zuwa sun san kora daga gida da duka a jikinsu, basa buƙatar ki haska musu shi duk wata. The Watermelon Woman na Cheryl Dunye, na 1996, haifaffiyar Laberiya ce, yana da ban dariya kuma yana sa mutane su buɗe baki su yi magana, ya dace da zaman farko. Lingua Franca na Isabel Sandoval 'yar Filifins, na 2019, ita da kanta ta sauya jinsi kuma ita ta fito a ciki, labarin rashin takardun zama ne a Amurka, mutanenmu na jinsa sosai amma yana da nauyi, ki gaya musu tun kafin a fara. Ìfé na Najeriya na 2020 gajere ne, sai ki haɗa shi da wani.

Wuri kuma ki guji mashaya. Yawancin tarukan 'yan LGBT a nan a mashaya ake yi, musulmai da yawa basa shiga, wasu kuma tsoron a gansu a ƙofar suke. Zauren laburare ko na unguwa yafi, wanda keken guragu zai iya shiga, da banɗaki da kowa zai shiga ba tare da an kalle shi ba. Ki bar ɗan lungu da darduma, in lokacin magariba ya faɗo tsakiya a tsaya, ba wanda zai mutu.

Kuɗin shiga mu kowa ya bada abinda ya samu ne, don masu neman mafaka abinda gwamnati ke basu a sati bai kai fam 50 ba kuma yawanci an hana su aiki, kuɗin bas kaɗai na iya hana mutum zuwa, shi yasa muke ajiye 'yan canji a ambulan a miƙa a ɓoye. Abinci dole ne, dafa duka da shayi sun isa, na lura hirar gaske a bakin tukunya ake yinta ba lokacin da aka miƙa makirfo ba.

Kayan aiki ba wani abu bane, aron majigi da farin bango sun wadatar, lasifika ce zaki kashewa kuɗi don mutane na haƙuri da hoto mai dishi dishi amma basa haƙuri da sautin da basa ji. Ki sauke fim ɗin a kwamfuta kar ki dogara da intanet ɗin zaure, ki kunna rubutun maganar fim da ke fitowa a ƙasan allo koyaushe saboda kurame da waɗanda turancin bai zauna musu ba, kuma in watan Yuni ne ki nemi labule mai kauri tunda rana bata faɗuwa sai bayan tara.

Bayan fim kar ki ce kowa ya tashi ya gabatar da kansa, wasu zasu sulale. Ki jefa tambaya ɗaya akan fim ɗin kawai ki bar mai so yayi magana, minti ashirin ya isa, sannan ki tabbata ba wanda ya tafi tashar bas shi kaɗai da dare. In kin samu zauren ki min magana ta inbos in turo miki irin saƙon da muke rubutawa masu fim.