RAM ya iso a lalace, kanti sun ƙi karɓa

Ɗan'uwa sannu, wallahi na ji zafin abin nan. Ka ce ka yi odar RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) ta intanet zuwa Garwa, ka saka kwamfuta ta ƙi tashi, su kuma sun ce ka buɗe kwali ba za su karɓa ba. To ta yaya mutum zai gane kaya ya lalace bai buɗe ba?

Fara tabbatar da laifin na RAM ɗin ne. Gwada ɗaya ɗaya a kowane ramin RAM, in ta tashi ka kunna MemTest86, manhajar gwada RAM, in ja ya fito, wato alamar matsala, ka ɗau hoto. Ka duba ma ko RAM nau'in DDR4 ka sayo alhali allon kwamfutar taka (motherboard) nau'in DDR5 yake ci, ba sa shiga ramin juna.

Sai ka buɗe ƙara a cikin manhajar kantin, ban da WhatsApp, don maganar waje ba su san da ita ba. Kwanakin mayarwa daga ranar da kaya ya isa adireshin da ka rubuta ake ƙirga su, ni abin da ya cinye ni kenan, SSD nawa (ma'ajiyar fayiloli ta kwamfuta) ya sauka wajen wani ɗan'uwana a Faransa, kafin ya biyo ta Duwala ya iso hannuna lokaci ya wuce. Kar ka ɓare takardar lambar da ke jikin RAM ɗin, garanti ya tafi kenan.

In sun kafe ka rubuta wa kamfanin da ya ƙera, Kingston misali garantin RAM ɗinsu mai tsawo ne. Amma lissafa kuɗin aikawa tukuna, wani lokacin ya fi kuɗin kayan. In kana zargin allon ne, kai wa mai gyara ya auna, kar ka taɓa da kanka.