Tambaya da Amsa: Me ya sa ake ta sake tsarin tantance bayanan teku?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ji wai masana teku na sabunta tsarinsu na tantance bayanai duk bayan 'yan shekaru. To in dokar na da kyau tun farko, me ya kawo gyara?

Amsa: Barka dai ɗan'uwa. Gaskiya ruwan gishiri ba ya barin na'ura yadda aka sa ta. Ɗauki shirin binciken teku na Argo, na'urori kusan 4,000 ne ke yawo a tekunan duniya, kowacce ta nutsa har mita 2,000, duk kwana 10 ta taso ta aika ma'aunin zafi da gishiri ta tauraron ɗan adam, amma sannu a hankali sensar gishiri, wato ɓangaren na'urar da ke auna gishirin, kan karkace ta rinƙa ba da lamba mai kama da gaskiya alhali ba ita ba ce, kuma wallahi wannan shi ne abin da ya fi damuna, don da irin waɗannan lambobin ake hasashen guguwa da auna ɗumamar teku.

A Amurka shirin QARTOD, na tantance ingancin bayanan teku, ya faro a 2003. Kwamfuta na duba kowane awo: ya yi tsalle kwatsam? Ko lamba ɗaya ta maƙale ba ta motsi? Sai a sa masa alama, 1 lafiya, 3 akwai shakku, 4 ya faɗi, 9 babu awon.

Yanzu an shigo da sensar iskar oksijin da ta tsamin ruwa, kowacce da nata salon lalacewa, dole a rubuta musu nasu gwajin, shi ya sa ake ta gyara tsarin.