Tambayoyinku kan Waya: Kada Ku Ƙwace wa Mma Wayarta

Tambaya: Baba ya ce rubutun wayarsa ya yi masa ƙanƙanta, sai ya nemo jikansa kafin ya karanta saƙo. Daga Aboabo.

Amsa: Shiga Settings, ka nemi Display, ka ƙara girman rubutu. Idan ka kai maƙura Baba bai gani ba, to ba laifin waya ba ne, ku kai shi wurin likitan ido.

Tambaya: Mahaifiyata tana sayar da abinci a Asawase. Wani ya kira ta yana roƙo, wai ya turo mata kuɗi ta MoMo (asusun kuɗi na waya) bisa kuskure. Ta ga saƙo ya shigo, ta mayar masa da sidi 600, ashe ko sisi bai shigo ba. Na karɓe wayar, daga yau ni zan riƙa yi mata komai. Na yi daidai?

Amsa: Allah ya mayar mata da alheri. Amma ba ki yi daidai ba, 'yar'uwa, kuma wannan ɗabi'a ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ɓarawo ya kwashe kuɗinta, ke kuma kin zo kin kwashe mata 'yancinta. Ranar da kika yi tafiya ko kika koma gidan mijinki, wa za ta miƙa wa wayar? Yaron maƙwabta, tare da lambar sirrinta.

Ga yadda aka yi mata. Saƙon da ta gani ɓarawon ne ya rubuta shi da hannunsa, ya turo daga layin waya irin na kowa. Na gaskiya da sunan kamfanin yake zuwa. Maganin abin ɗaya ne: duk wanda ya ce ya turo kuɗi, a kashe kiran, a danna *170# a duba abin da ke cikin asusu. Ko da kuɗin sun shigo, ya je ya nemi kamfani su warware, ba aikin Mma ba ne. Akwai kuma masu turo buƙatar cire kuɗi, sai allo ya nemi lambar sirri, su ce "saka don a gyara miki layi". Babu ma'aikacin gaskiya da zai tambayi lambarki. Ku kira kamfanin waya a 100 ku kai rahoto, ku kuma sanar da hukumar tsaron intanet ta Ghana a 292.

Matar da ta shekara da shekaru tana cinikin shinkafa da wake a Asawase ba a taɓa cutarta a canji ba, ita ce za a ce ba za ta iya danna maɓalli biyar ba? Ta ga canjin kuɗi na 2007, lokacin da tsohuwar sidi 10,000 ta koma sidi 1, ta kuma iya. Sai dai ki lura da nan: yawancin iyayenmu har gobe da tsohon lissafi suke magana, "miliyan ɗaya" a bakinsu sidi 100 ce. Ki tabbatar ta san abin da za ta rubuta, ta kuma karanta sunan mai karɓa kafin ta amince.

Matsalar ku ce, yara. Da tsoho ya yi jinkiri sai ku fizge wayar, "kawo in yi miki". Haka ake koyarwa? Ki zauna da ita bayan magariba, hannuwanki a bayanki, ita ta danna. Abu ɗaya a mako, kuma a fara da duba asusu. Ki rubuta mata matakan da manyan baƙaƙe a littafi, da ajami in shi take karantawa. Lambar sirri kuwa a kanta za ta zauna, ba a bayan marfin waya ba, ba kuma a bakin mai rumfar MoMo ba.

Tambaya: An ƙwace WhatsApp ɗin kawuna, ana roƙon kuɗi da sunansa. Daga Sawaba.

Amsa: Ya karanta wa wani lambobi shidan rajista da WhatsApp ya turo masa, ko ya yarda ko bai yarda ba. Ku sake rajista da layinsa, sabuwar lamba za ta zo ta fitar da ɓarawon. Daga nan ku kunna Two-step verification, wato ƙarin lambar sirri ta WhatsApp, ku gaya wa dangi kada kowa ya tura komai.

Tambaya: Wayar Hajiya kullum a cike take.

Amsa: Hotunan barka da Juma'a ne da bidiyon bukukuwa. A WhatsApp shiga Storage and data, ka kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye. Kafin ka goge komai ka tambaye ta, hotunan jikokinta na ciki.