Amsa: Shin Ozzie Guillén ƙarfin bugu ne ya kai shi kujerar koci?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙarfin bugu ne ya sa aka ba Guillén ragamar Chicago White Sox, ƙungiyar wasan baseball ta Amurka. A'a. Wannan ɗan Benezuwela sau 28 kacal ya buga ƙwallo ta tsallake katanga daga 1985 zuwa 2000. Gwanintarsa tsaro ce, a gurbin da ke tsakanin tasha ta biyu da ta uku, inda ƙwallo ke zuwa a ƙasa da gudu, a cafke a wurga tasha ta farko kafin mai bugu ya taka ta. A 1992 ya yi karo da abokin wasansa Tim Raines, gwiwar Guillén ta lalace, saurinsa ya ragu.

Horarwa kuwa daga ƙasa ya faro, a matsayin mataimaki a ƙungiyoyin Montreal da Florida, kafin ya fara jan ragamar Chicago a 2004. Dubi 2005 ka ga salonsa: a karawa da ƙungiyar Angels, 'yan wasansa huɗu masu jefa wa mai bugu ƙwallo, Buehrle da Garland da García da Contreras, kowanne ya kammala wasansa ba a canza shi ba. Wannan amincewa ta burge ni ƙwarai. Suka lallasa Houston a wasanni huɗu a jere a zagayen ƙarshe na World Series, kofinsu na farko tun 1917.

Rauninsa baki. A 2012 ƙungiyar Miami, inda ya koma koci, ta dakatar da shi wasa 5 kan kalamansa game da Fidel Castro, ƙarshen kaka ta sallame shi.