Kafin ka sa zarto a katako, ka san jirgin da kake sassaƙawa

Na ga hoton da ka turo mini, tsohon jirgin ruwa mai bututun hayaƙi huɗu. Ka ce wani ne ya kawo maka yana son ƙaraminsa na katako, ya ce Titanic ne, kana tambaya: "Maigida, yaya zan tabbatar shi ne?" Da ba zan amsa ba, don shekara uku ka yi a shagona, rabinta kana latsa waya. Amma tambayar nan ta fama mini wani miki, don haka zauna ka ji.

Lokacin ina da shago kusa da Kasuwar Katako a nan Jos, wani Alhaji mai otal a Abuja ya zo da hoto baƙi da fari, an rubuta Titanic a ƙasansa. Yana son babba, wanda zai ajiye a wurin karɓar baƙi. Jirgin na gaske tsawonsa mita 269 ne, na raba da 200, ya ba ni santimita 134 da rabi. Muka yi ciniki, ya ba ni kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, ya tafi.

Wata biyar na yi a kansa. Na fito da madacin da na ɓoye shekara biyu yana bushewa, wanda ko ƙanina na hana. Tagogin gefe ɗaya bayan ɗaya na huda su da basilla, igiyoyin kuma da wayar kwayil ɗin tsohuwar fanka na ja su. Cikin sanyin Disamba nake wannan, ka san sanyin garin nan, yatsu ba sa lanƙwasuwa, gam ba ya kamawa sai na kunna gawayi a kasko kusa da teburi. Tabarau ɗin da kake gani a idona, a kan jirgin nan na fara sa shi.

Ranar karɓa Alhaji ya zo da ɗansa da ya yi karatu a Ingila. Yaron ya zagaya teburi sau ɗaya, ya nuna benen sama da mukullin mota, ya ce, "Baba, wannan ai Olympic ne." Kuma gaskiyarsa ne. Jiragen biyu wa da ƙani ne, kamfanin Harland and Wolff ya ƙera su gefe da gefe a Belfast, domin kamfanin White Star. Titanic tafiya ɗaya ya yi, ya tashi daga Southampton ranar 10 ga Afrilu 1912, ya nutse ranar 15. Olympic kuwa ya yi aiki har 1935, shi ya sa hotunansa suka cika duniya, mutane na liƙa musu sunan ƙanin. Ni na bi hoton da aka ba ni, ban bar ko taga ɗaya ba.

Na ce, "Alhaji, hotonka ne, da hannunka ka kawo." Ya ce shi Titanic ya ce, bai ce Olympic ba, kuma ba zai ƙara ko sisi ba. Sannan ya ce tunda kuɗinsa na ciki, a sa masa a mota. Maƙwabta suka taru suna ba ni haƙuri, wai babban mutum ne. Na bari aka ɗauka. Bayan shekara na kai wani aiki Abuja, na biya ta otal ɗin. Ga jirgina cikin akwatin gilashi, an haska shi da fitila, an kafa masa farantin tagulla an rubuta Titanic 1912, baƙi na tsayawa suna ɗaukar hoto da shi. Na tsaya kamar wanda aka dasa. Har yau bai biya ni cikon ba, kuma ban yafe ba.

To, ga abin da za ka duba. Benen shaƙatawa na sama, wanda ke ƙarƙashin inda kwale-kwalen ceto suke: a Olympic buɗe yake daga gaba har baya, a Titanic an rufe rabin gaba da bango mai tagogi. Wannan kaɗai ya ishe ka. Naka hoton buɗe yake, Olympic ne, kallo ɗaya na yi masa.

Kada kuma ka ɗauka duk mai bututu huɗu ɗan gidansu ne. Lusitania da Mauretania na kamfanin Cunard su ma huɗu gare su, amma nasu ja ne mai baƙin kai, na White Star kuwa ruwan ƙasa-ƙasa ne mai haske da baƙin kai. Na Cunard ɗin nan farfela huɗu, Titanic uku. Bututu na huɗu a Titanic ba na tukunyar injin ba ne, iska yake fitarwa da hayaƙin kicin, saboda haka in ka ga zane yana tuƙa baƙin hayaƙi ta duka huɗun, mai zanen bai san jirgi ba. In ka ga irin su Olympic da Titanic an shafe shi fari da jan kuros a gefe, Britannic ne, autansu, jirgin asibiti da ya nutse a 1916.

Yadda ake fere gangar jirgi da goge ta ba zan ɓata bakina ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sayar da rake. Ku yaran yanzu kun fi son fenti ya yi ƙyalli ku ɗora a Facebook, katako ɗanye, hunturu na zuwa ya tsage.

Koma wurin mutuminka ka gaya masa hotonsa Olympic ne. In Titanic yake so, ka rufe masa benen nan. Duk wanda ya zaɓa ya rubuta sunan jirgin a bayan hoton ya sa hannu, a gaban shaida, ya kuma ba ka rabi. Ranar Asabar ka zo da katakon in gani, kada ka yanka komai kafin nan.