Amsa ga ɗan'uwan da abokinsa Basine ya nemi ya koya masa Turancin kasuwanci

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, inda ka ce kana karatu a Guangzhou, kuma wani abokinka Basine da ya samu aiki a sashen fitar da kaya na wata masana'antar tayil a Foshan ya roƙe ka ka taimaka masa da kalmomin Turanci na cinikin ƙasa da ƙasa, domin ya haddace su da yawa daga littafi amma da zarar wasiƙar mai saye ta iso sai ya rikice, kana kuma son sanin inda ya kamata ku fara. Na shafe fiye da shekara goma ina sayo kaya a Guangzhou da Yiwu, nawa da na jama'a, kuma yawancin waɗanda na zauna ciniki da su matasa ne irin abokin naka, masu ƙwazo da haƙuri, waɗanda suka koyi Turanci a makaranta kamar yadda muka koya.

Abin da na lura da shi shi ne, kalmar da mutum bai sani ba ba ta cika jawo asara ba, domin zai tsaya ya tambaya. Wadda take jawo asara ita ce wadda yake ganin ya sani saboda ƙamus ya ba shi takwararta a Sinanci, alhali ma'anonin biyu ba su hau kan juna daidai ba. Saboda haka shawarata ita ce ku ajiye haddar jerin kalmomi tukuna, duk kalmar da kuka ɗauko ku yi mata tambaya uku: wane ne zai biya, wane ne zai ɗauki asara idan kaya suka lalace, kuma a wane wuri ne nauyin yake sauka daga wuyan mai sayarwa ya hau wuyan mai saye.

Ku fara da ƙa'idojin miƙa kaya da ake kira Incoterms, waɗanda Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke Faris ta fara fitarwa a 1936, kuma bugun da ake aiki da shi yanzu shi ne na 2020 mai ƙa'idoji 11. Sinawa suna kiran FOB, ƙa'idar da nauyin mai sayarwa yake ƙarewa da ɗora kaya cikin jirgi, da sunan li'an jia, wato farashin barin gaɓa, suna kiran CIF da dao'an jia, wato farashin isa gaɓa. Sunan farko ba shi da matsala sosai, amma na biyun tarko ne, domin duk wanda ya ji "isa gaɓa" zai ɗauka mai sayarwa ne ke da alhakin kaya har jirgi ya sauke su a ƙasar mai saye. Ba haka ƙa'idar take ba. A CIF mai sayarwa yana biyan kuɗin jirgi da na inshora har tashar da aka ambata, amma haɗarin lalacewar kaya yana komawa kan mai saye tun lokacin da aka ɗora su cikin jirgi a tashar lodi, daidai da yadda yake a FOB da kuma CFR, wadda a cikinta mai sayarwa ke biyan kuɗin jirgi ban da inshora. Kuɗi yana tsayawa a wuri guda, haɗari yana tsayawa a wani wurin daban, kuma wannan rabuwar ce abokinka ya kamata ya gane kafin komai.

Ni kaina a kan wannan na koyi darasi mai tsada. Na taɓa sayen yadi a kan CIF zuwa Kwatano, kuma yarinyar da ke kula da cinikina ta tabbatar mini, da zuciya ɗaya, cewa su ke da alhaki har kaya su iso, domin haka ta fahimci kalmar a harshenta. Da aka buɗe kwantena sai aka tarar ruwan teku ya shiga ya ɓata dila da yawa. Na koma wurinsu, sai mai kamfanin ya nuna mini cewa nauyinsu ya ƙare tun ranar lodi, ya ce in nemi kamfanin inshora. A can kuma na gano cewa inshorar da CIF ta wajabta ita ce mafi ƙanƙanta, wadda ake kira sharaɗin C, a kan kashi 110 cikin ɗari na kuɗin kaya, kuma tana biyan asarar gobara da nutsewar jirgi da karo da makamantansu, ba ta biyan shigar ruwa cikin kwantena ko sata. Yarinyar ba ta yaudare ni ba, kuma har yau ina jin tausayin yadda ta tsaya tana ba ni haƙuri a kan abin da ba a taɓa koya mata daidai ba. Ga mai sayar da tayil wannan batu ya fi muhimmanci, domin tayil fashewa yake yi, kuma sharaɗin C ba ya biyan fashewar da aka saba gani wajen lodi da saukewa. Idan mai saye yana son cikakkiyar kariya, sai a rubuta sharaɗin A a cikin yarjejeniya ƙarara. A bugun 2020 ƙa'idar CIP, takwarar CIF da ake amfani da ita a kowane irin sufuri, ita ce aka ɗaga zuwa sharaɗin A, aka bar CIF yadda take.

Ka kuma nuna masa cewa haruffa ukun ba sa tsayawa su kaɗai. Dole ne a rubuta sunan wuri da shekarar bugu, misali FOB Nansha Incoterms 2020 (Nansha tashar jirgin ruwa ce a Guangzhou), domin a cikin Amurka ana amfani da FOB a cinikin cikin gida da wata ma'ana dabam. FOB da CFR da CIF da FAS, wato miƙa kaya a gefen jirgi, na jirgin ruwa ne kawai, don haka kuskure ne a rubuta su a kan kayan da za a aika ta jirgin sama, ko da yake za ka ga ana yi kullum a kasuwa. Ya yi hattara da ƙa'idoji biyu na bakin iyaka. A EXW mai saye ne zai ɗauki kaya daga ƙofar masana'anta ya kuma fitar da su ta kwastam ɗin Sin, abin da baƙo ba ya iya yi sai ta hannun wakili. A DDP kuwa mai sayarwa ne zai biya har kuɗin fito a ƙasar mai saye, kuma matashin da ya amince da wannan ba tare da ya san harajin waccan ƙasar ba zai iya cinye ribar kamfaninsa a wasiƙa ɗaya. Idan ya samu mai saye daga Najeriya da zai buɗe Fom M, wato takardar da mai shigo da kaya ke cikewa ta hannun banki, kada ya yi mamaki in ya nemi CFR, domin dokar inshora ta ƙasar ta daɗe da tanadin cewa a yi wa kayan da ake shigowa da su inshora a kamfanin cikin gida.

Bayan wannan sai ku shiga maganar biyan kuɗi, ku fara da kalmar deposit, wato abin da muke kira kafin alƙalami. A Sinanci akwai kalmomi biyu da ake furta su iri ɗaya, dingjin, amma harafin farko ya bambanta: ɗaya yana da alamar rufin ɗaki a kansa, ɗaya yana da alamar magana a gefensa. Mai rufin kuɗin jingina ne a dokar farar hula ta Sin da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021: idan wanda ya biya ya saɓa alkawari kuɗinsa ya tafi, idan wanda ya karɓa ne ya saɓa sai ya mayar da ninki biyu, kuma ba a yarda ya wuce kashi 20 cikin ɗari na kuɗin cinikin ba. Mai alamar maganar kuwa biyan gaba ne kawai, wanda a bisa al'ada ake mayarwa idan ciniki ya watse. Turanci ya haɗe su duka a kalma ɗaya, don haka abokinka yana iya nufin na farko mai saye kuma ya fahimci na biyu. Maganin shi ne a ƙara jimla guda da ke faɗin ko za a mayar da kuɗin, da kuma a wane hali.

Tsarin da ya fi yawa a masana'antun da na sani shi ne T/T, wato tura kuɗi ta banki, a biya kashi 30 kafin a fara aiki, sauran kashi 70 kafin lodi ko bayan an nuna kwafin takardar lodi. Wannan "ko" ɗin ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya kamata ya iya rubuta kowanne da Turanci ba tare da ya gauraya su ba. Takardar lamunin banki, wadda ake kira L/C, tana bin ƙa'idojin UCP 600 da suka fara aiki ranar 1 ga Yulin 2007, kuma ginshiƙinsu shi ne banki da takardu yake hulɗa, ba ruwansa da kayan kansu. Banki yana da kwana biyar na aiki ya duba takardu, kuma in ba a rubuta wani wa'adi dabam ba, dole ne a gabatar da su cikin kwana 21 daga ranar lodi. Bayanin kaya da ya saɓa wa abin da ke cikin takardar lamunin yana iya hana biya ko da tayil ɗin ya fi kowane kyau, shi ya sa a nan karatu a tsanake ya fi iya magana amfani.

Lissafi ma yana da nasa tarkon. Basine yana ƙirga manyan lambobi da wan, wato 10,000, da yi, wato miliyan 100, shi kuwa Turanci yana tafiya da dubu da miliyan da biliyan, don haka wan 35 shi ne 350,000, kuma a cikin gaggawar waya sifiri ɗaya yakan ɓace ko ya ƙaru. Wanda ya taɓa ciniki a Maraɗi, inda ake ƙirga kuɗi da dala har "ashirin" ta zama sefa 100, zai gane irin wannan juyin da ƙwaƙwalwa ke yi. Ka saba masa da rubuta kowane adadi da lambobi cikakku tare da sunan kuɗin, dalar Amurka ce ko yuan. Ragi kuma a juye yake: idan Basine ya ce da ba zhe, wato "buga takwas", yana nufin za ka biya kashi 80, ragin kashi 20 ke nan, kuma na sha ganin sabon ma'aikaci ya rubuta ragin kashi 80 da Turanci. Kwanan wata ma haka, su suna farawa da shekara, Ingila da rana, Amurka da wata, don haka a rubuta sunan watan da haruffa.

Akwai kalmomi biyu da nake so ka tsaya masa a kansu. Ta farko invoice, wadda ƙamus ke fassarawa da fapiao, alhali fapiao takardar haraji ce da ake fitarwa ƙarƙashin hukumar harajin Sin, shi kuwa mai saye na waje takardar kuɗin kaya ta kamfani yake nufi, ko dai ta share fage wadda ake buɗe ciniki da ita, ko ta ƙarshe wadda kwastam ke dubawa. Ta biyu delivery. Idan masana'anta ta ce kwana 30, yawanci tana nufin ranar da kaya za su kammala a sito, mai saye kuma yana iya jin ranar da za su iso hannunsa, alhali tsakanin biyun akwai neman gurbi a jirgi da tafiyar teku ta makonni, ban da hutun sabuwar shekarar Sinawa da ke rufe masana'antu a Janairu ko Fabrairu. Ya koyi raba ranar kammala kaya da ranar tashin jirgi da ranar isowarsa, kowace da sunanta.

Kalmomin tattalin arziki na gaba ɗaya, irin su rarar ciniki da giɓinsa da canjin kuɗi, ba za su ba shi wahala ba, domin tun da Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ranar 11 ga Disamban 2001 suke yawo a labaransu na yau da kullum. Wadda ta shafe shi kai tsaye ita ce dumping. A Turancin gida tana nufin zubar da shara, amma a dokar ciniki tana nufin sayar da kaya a ƙasar waje a ƙasa da farashinsu na gida, kuma hukuncinta ƙarin haraji ne. Tarayyar Turai ta ɗora irin wannan haraji a kan tayil ɗin Sin a 2011, Amurka ma ta yi a 2020, don haka idan mai saye daga can ya yi ta tambayar asalin kaya da lambar kwastam, dalilinsa ke nan. Lambar tayil a tsarin HS na Hukumar Kwastam ta Duniya tana farawa da 6907, kuma lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ƙasashen da ke bin tsarin, kowace ƙasa kuma tana ƙara nata a baya.

Game da yadda za ku zauna karatun, ka ce masa ya nemi izinin maigidansa ya kawo cikakkun takardun ciniki guda da aka riga aka gama, a shafe sunaye da lambobin asusu, ku bi su ɗaya bayan ɗaya tun daga wasiƙar tambayar farashi, da tayi, da mayar da tayi, har zuwa takardar lodi da sakin kaya. A nan zai ga cewa wanda ya mayar da tayi da sabon farashi ya kashe tayin farko ke nan, ba zai dawo gobe ya ce ya amince da shi ba sai mai tayin ya sake yarda. Kai ka zama mai saye, ka riƙa yi masa tambayoyin da muke yi, shi kuma ya amsa a rubuce, sannan ka sa ya bayyana maka kowace kalma da Turanci mai sauƙi ba tare da ya koma Sinanci ba. Idan lokacin baje kolin Canton ya zo, wanda ake yi a Guangzhou tun 1957, sau biyu a shekara daga Afrilu da kuma daga Oktoba, ku duba zangon da ake baje kayan gini, ku je Pazhou, inda ake baje kolin, tare, ya tsaya a rumfar kamfaninsu ya saurari yadda Balarabe da Ba'indiye da Bahaushe suke furta kalmomin nan, domin yawancin waɗanda zai yi ciniki da su ba Turawa ba ne.